Yadda Iya Renike Ta Mayar da Wasiƙa

A garin Iwo, in aka yi baiko ba a kira Iya Renike ba, to ko dai masu bikin baƙi ne, ko kuwa suna da abin ɓoyewa. Sunanta na yanka Mulikatu Abeke, amma tun da ta haifi 'yarta tilo, Morenike, sunan ya ɓace a bakin mutane. Shekara talatin da ɗoriya ta yi tana aikin alaga, matar da ke riƙe ragamar taro ranar da dangin ango suka zo neman aure. Ita ke tsare ƙofa, ita ke ba da waƙa, ita ke sa mazan gidan ango su kwanta rub da ciki a gaban iyayen yarinya har sai ta ga ƙura a gemunsu. 'Yar gajeriya ce, ba ta da wani jiki, amma in ta ɗaura gwaggwaro ta buɗe murya, mai ganga ma sai ya sassauta hannu. Akwai wani ɗan kasuwa mai tumbi da ta sa ya maimaita kwanciyar sau huɗu, wai ba ta ji saukar cikinsa a ƙasa ba.

Wannan aikin da kowa ke gani ke nan. Na biyun a ɓoye ake yinsa. Kafin a tsayar da ranar aure, kowane gida sai ya aika a tono masa asalin ɗaya gidan: ko akwai kuturta, ko farfaɗiya, ko an taɓa samun mai taɓin hankali. A nan ma babu na biyun Iya Renike. Ba ta zuwa gidan, ba ta tambayar maƙwabta. Sai ta ɗauki robar tattasai ta je wurin mai markaɗen unguwar, ta bi layi, ta fara ƙorafin ciwon gwiwa da rashin kunyar 'ya'yan zamani. Sunan gidan ma ba ta ambata. Kafin a markaɗa mata, an ba ta labarinsu har kakan kaka. Matan da ke koyo a hannunta kullum tana ja musu kunne: in kika yi tambaya kin ɓata aikin.

Aure uku ta rusa a iya tsawon aikinta, kuma ba ta taɓa jin ta yi laifi ba. Ɗaya daga ciki, mahaifin yaron aka gani a wani asibitin Badun, zaune kan benci a ƙofar likitan ƙwaƙwalwa da kati a hannu. Ba ta nemi sanin abin da ya kai shi ba. Ta dawo ta faɗa, aka mayar da wasiƙar neman aure, ta ci tuwonta ta kwanta.

Tana da shekara hamsin da takwas ta ji ƙullutu a mamanta na hagu. Wata shida ta yi tana shafa masa man kaɗanya tana zuwa biki, sai da Renike ta gani tana wanka ta sa mata kuka. A Badun likitoci suka ce ciwon daji ne. Aka yanke maman, aka kwantar da ita a ɗakin mata mai gado goma sha biyu, aka fara ɗaura mata ruwan maganin nan mai sa amai da zubar gashi.

Da farko kamar biki aka kai ta. Ta raɗa wa kowace nas suna. Sandar da ake rataya ruwan ta kira ta Ango, wai shi kaɗai ne namijin da ke bin ta har bayi bai yi tsaki ba. Da gashinta ya zube ta ce ta huta da zaman kitso. Maƙwabciyar gadonta wata Kirista ce mai saƙar tabarmi, ana ce mata Mama Ilesha, kuma kullum da safe sai sun yi musu a kan wani abu. Wata Laraba suna cikin musun garin da ya fi iya dakan sakwara, Mama Ilesha ta yi shiru a tsakiyar magana, baki a buɗe. Aka ja labule. Aka turo gadon nan mai taya ɗaya da ke kuka ƙii, ƙii, aka fita da ita. Kafin azahar an canja zanin gado an kwantar da wata.

Daga ranar muryar Iya Renike ta ɗauke. Ta juya wa duniya baya tana kallon bango. In aka kawo abinci ta ce ta ƙoshi, in aka matsa mata ta ci loma biyu kamar tana taunar auduga. Barci ya ƙaurace mata. Da ta ji kukan taya a baranda, ko na mai kawo shayi ne, sai ƙirjinta ya hau bugu, gumi ya karyo mata, ta ji numfashi na neman gagararta. Hawaye kan zubo ba ta san dalili ba. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne ba ta jin komai game da auren Renike, alhali dangin saurayin, Sarafa, sun riga sun kawo wasiƙarsu, an kuma amsa, saura bincike a tsayar da rana. Auren da ta yi shekara ashirin tana tsara waƙoƙinsa a ranta, yanzu in an yi maganarsa ji take kamar na wasu ne.

Da lokacin ruwa na huɗu ya zo, ta ɓoye hannunta a cikin zani.

"Iya, ku miƙo hannun mana," in ji Nas Folawe, wadda ita ce babba a ɗakin. "Ango yana jira."

"Ki ba wata gadon nan, 'yata. Ni na gama."

Nas Folawe ta daɗe a aikin, ta san wannan shirun. Ta faɗa wa likita, likita ya duba, ya ce ba zai ɗaura wa wadda ba ta ci ba ta sha wannan ruwan ba, kuma in aka yi ta jinkiri ciwon ba zai jira kowa ba. Ya rubuta takarda a kai ta ga likitan ƙwaƙwalwa, a ginin baya mai koren ƙofa. Sai dai ya yi abin da kowa ke yi: ya nemi namijin gida ya miƙa masa. Namijin gida kuwa, tun rasuwar mijinta, yayanta ne Buraimo, tsohon direban babbar mota, mutumin da bai taɓa shakkar ra'ayinsa ba ko sau ɗaya. Ya karanta, ya ninke takardar gida huɗu, ya cusa a cikin hularsa ya mayar kai.

A ƙarshen gadonta suka yi maganar shi da Renike, suna zaton barci take.

"Kawu, likita ya ce yau a kai ta."

"Likita zai aure ki? Ke yarinya ce. Mutanen Sarafa sun baza kunne ko'ina. A ga uwarki a bencin can sau ɗaya, shi ke nan, ke da aure sai a mafarki, har sauran 'ya'yan dangi abin zai shafa. Wannan aikin maƙiya ne, matar da ta yi suna irin nata dole a jefe ta. Na karɓo rubutu da sabulu. A yi haƙuri wata uku, in an ɗaura a kai ta duk inda za a kai."

"In ba ta kai wata ukun ba fa?"

"Rufe mini baki. Allah ne mai rayawa."

Allah ne mai rayawa, gaskiya ne, amma ba Shi ya ce a sa takarda a hula ba. Iya Renike ta ji komai, kuma abin baƙin cikin shi ne ta yarda da yayanta. Wa ya fi ta sanin dokar? Ciwon daji ba ya hana aure. Mutuwar uwa ma ba ta hanawa, a yi zaman makoki a share hawaye a kira mai ganga. Bencin can ne kaɗai ke hanawa. Ta auna, ta ga in ta yi shiru ta mutu a gadon nan da mutuncinta, 'yarta za ta shiga ɗakinta lafiya. Ta ƙara matsawa jikin bango. Kwana tara takardar na cikin hular Buraimo, tana shan gumi da man gashi.

Rana ta goma da la'asar, lokacin ziyara, aka yi sallama da ledar lemo. Gwaggon Sarafa ce, mai sayar da goro a kasuwar Ede, ana ce mata Mama Olobi. Ta zo dubiya, in ji ta. Renike ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce Mama barci take, maganin ne ke sa ta. Mama Olobi ta zauna minti biyar tana jan carbi, sannan ta miƙe wai za ta sha iska. Ba ta yi nisa ba. A bayan tagar da ke kan gadon Iya Renike ta tare matar da ke goge baranda.

"'Yar'uwa, ga goro. Matar can ta gado na shida, tana magana ita kaɗai? Ta taɓa cire zani? Tana duka?"

Iya Renike ta ji wani abu ya tsarga mata tun daga tafin ƙafa, abin da ta yi mako uku ba ta ji ba. Haushi ne. Tambaya uku a jere! A bakin tagar mai ita! Da goro a hannu kamar mai sayen ƙuri'a! Wannan ce aka aiko ta binciki gidan Mulikatu Abeke? Ko 'yar koyon da ta yi wata ɗaya a hannunta ba za ta yi wannan ɗanyen aiki ba. Kuma a kan amsar da mai goge baranda za ta ba wannan sakarya ne ita take kwance tana jiran mutuwa, 'yarta na durƙushe tana ƙarya. A cikin haushin nan mutumin bencin ya faɗo mata a rai, da katinsa a hannu. Wa ya sani ko shi ma wani ne ya yi shiru a gabansa a tsakiyar magana.

Juyowa daga bango ya ɗauke ta lokaci, don jikin ya zama kamar buhun jiƙaƙƙiyar masara. Ta dafa ƙarfen gado ta zauna. Muryar da ta fito ba tata ba ce, a dishe take, amma ta kai taga.

"Mai goro. Shigo. Ba haka ake yi ba."

Mama Olobi ta shigo tana gyara mayafi. "Iya, kun tashi? Sannu da jiki. Ni iska na fita sha."

"Iskar ta ce ina cire zani? Shekara talatin ina aikin nan ban taɓa tambayar kowa komai ba. Ke kin zo kina rabon goro a bakin taga. Zauna in rage miki wahala, don in aka bar ki sai ki kai wa mutanenku shirme." Ta juya wurin Buraimo, wanda ya daskare a kujera da lemo a hannu. "Yaya, ku cire hula."

"Abeke, zafin ciwo ne. Kwanta."

"Ku cire, ko in sa nas ta cire muku a gaban baƙuwa."

Matan ɗakin duk sun ɗago kai. Buraimo ya cire hula, takardar ta faɗo kan zanin gado, ta yi laushi ta yi dabbare-dabbare. Iya Renike ta sa 'yarta ta ɗauko mata gwaggwaron da ta zo da shi daga gida ba ta taɓa ɗaurawa ba. Ta naɗa shi a kan ƙwalƙwalin kanta, ya karkace, ba ta gyara ba.

"Mama, don Allah," in ji Renike a hankali. "Kun san abin da zai biyo baya."

"Na fi ki sani. Ke za ki ce in bari?"

Renike ta dubi uwarta, ta dubi kawunta. Ta fita ta turo keken marasa lafiya.

Haka suka bi doguwar barandar asibitin da rana tsaka, Renike na turawa, Nas Folawe a gefe, Mama Olobi a baya riƙe da kati, don Iya Renike ta ce ita za ta riƙe, ta ga komai da idonta kada a ba ta labari. Buraimo bai biyo su ba. A ƙofar mai koren fenti akwai benci, da mutum huɗu a kai, duk sun sunkuyar da kai kamar waɗanda aka kama da kayan sata. Iya Renike ta sa aka tsayar da kekenta a inda kowa mai wucewa zai gan ta. Tsoro take ji, amma ta ɗaga haɓa.

Likitar wata matashiya ce, Dakta Ajiboye, ba ta wuce sa'ar Renike ba. Ta rufe ƙofa ta yi tambayoyi a natse, kuma a karon farko Iya Renike ta faɗi komai: kukan tayar gado, bakin Mama Ilesha a buɗe, da shawarar da ta yanke a jikin bango.

"To faɗa mini gaskiya, 'yata, na haukace?"

"A'a, Iya. Ciwon damuwa ne da firgici. A ɗakinku ba ku kaɗai ba ne, ku ne dai kuka zo. Kuma ko da wancan ɗin ne, shi ma ciwo ne, nan ake maganinsa."

Ta ba ta wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi, ta ce sai an yi mako biyu ko uku kafin a ga aikinsu, kuma ta riƙa zuwa duk Talata su yi magana. Da suka fito, Iya Renike ta karɓi katinta daga hannun Mama Olobi.

"Kin gani. Je ki faɗa yadda yake, kar ki ƙara kar ki rage. Ki ce Talata-Talata nake zuwa, ƙarfe goma, in akwai mai son ganina."

Kada wani ya ce daga nan ta warke. Washegari ta koma kallon bango, jibi ma haka. Buraimo ya yi fushi ya koma Iwo yana faɗa wa dangi ta zubar musu da mutunci. Sai a mako na uku ta fara barcin awa huɗu a jere, ta sha kunu rabin kofi, ta ce wa wata nas takalminta ya yi kama da kwale-kwale. Likita ya ce in ta ci gaba da ci zai ɗaura ruwan ranar Litinin. A makon ne kuma saƙo ya zo daga Ede: iyayen Sarafa za su aiko a karɓi wasiƙarsu. Sarafa da kansa ya kira Renike a waya ya ce ta yi haƙuri, ba ya iya ja da mahaifinsa. Ta ce ta ji.

Buraimo ya so a miƙa wasiƙar a gida a ɓoye. Iya Renike ta ce sam, ita aka kawo wa, a hannunta za a karɓa. Renike ta ɗauko ta daga Iwo, da zarenta na zinariya da ƙyalƙyalinta, aka sa a ƙarƙashin matashi.

Ranar Asabar da la'asar suka zo, baffannin Sarafa biyu cikin manyan riguna masu sitati, Mama Olobi na biye tana kallon ƙasa. Suka tarar da ita zaune a tsakiyar gado, gwaggwaro a tsaye wannan karon, wasiƙar a cinyarta. Babban ya yi gyaran murya ya fara zagaye-zagaye, wai ba ƙi aka yi ba, al'ada ce, ita ma ta sani.

"Na sani, Alhaji. Ni na koya wa rabin Iwo. Tun da al'ada muke bi, ku tuna mini, ranar da kuka kawo takardar nan a tsaye kuka miƙo ta?"

Ya hau gyara wuyan rigarsa.

"Rub da ciki kuka yi a tsakar gidana, ku bakwai, kuna roƙo. Yadda ta shigo haka za ta fita. Ga ƙasa nan, an goge ta da safe."

"Haba Iya, a asibiti? A gaban mutane?"

"Ni ma a gaban mutane na je inda na je. In ba ku iyawa ku bar ta, ku koma ku ce mahaukaciyar ta hana."

Suka dubi juna. Komawa hannu rabbana ya fi musu ciwo, don sai an tambaye su dalili. Babban ya tattare rigarsa ya durƙusa, ya miƙe a kan simintin da ke warin maganin goge-goge, ƙaramin ya bi shi. Wata tsohuwa a gado na biyu, wadda ta yi kwana biyar ba ta yi magana ba, ta fara buga cokali a jikin kofi, sauran suka ɗauka da tafi. Iya Renike ta ba da waƙar da take yi wa dangin ango, da 'yar muryar da ta rage mata, ta kai ƙarshen baiti ba ta yanke ba.

"Na hagun bai sauke ƙirji ba," ta ce. "A sake."

Aka sake. Sannan ta miƙa wasiƙar da hannu biyu, ta ce su gaida gida. Suka fita suna kakkaɓe riga, Mama Olobi na biye da su.

Da ɗakin ya lafa, ƙarfin ya zare daga jikinta gaba ɗaya. Ta cire gwaggwaron ta ajiye, ta kama hannun 'yarta, ta fashe da kuka mai sauti, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka yanke ta. Ta san abin da ta jawo. Renike na da shekara talatin da ɗaya, kuma labarin zai riga ta isa kowane gida a Iwo.

"Na kashe miki aure, Morenike. Da hannuna. Ki yafe mini."

Renike ma kukan take, don tana son Sarafa, ba ta kuma ɓoye ba. Ta share fuska da gefen mayafi, ta jawo kular da ta zo da ita ta buɗe. Amala ce da miyar ayoyo, tana tururi.

"Kwana goma ina kallonku kuna mutuwa saboda ni, na kasa buɗe baki. Ni ce mai neman yafiya. Ku ci, Mama. Litinin Ango na jira."

Iya Renike ta wanke hannu. Ta yanko loma ta kai baki, ta sake yankowa, ba ta ɗago ba sai da ta ga ƙasan kula. Ta suɗe yatsa, ta dubi 'yarta da jajayen idanu.

"Wa ya koya miki miya? Gishiri bai ji ba."

Renike ta kifa kai a kan gadon tana dariya tana kuka, uwar na shafa mata baya. Ranar Litinin da safe, Nas Folawe ba ta gama turo sandar ba ta tarar da hannun a miƙe.